Katin Husaini Direba

Malam Sambo na ɗakin kati ya sha faɗa a teburin mai shayin Kawo cewa shekara ashirin da biyu yana asibitin koyarwa, kuma babu lambar majiyyacin da ba ta cikin kansa. A ba shi lamba kawai, in ji shi, zai faɗi suna da unguwa.

Shi ya sa a 1996, da aka kafa kwamitin haɗa bayanan dukkan sassan asibitin wuri ɗaya a kwamfuta, Sambo ya ɗinka sabuwar riga. Kujerar shugaban sabon sashen ai tasa ce.

Sai aka ce Ja'afaru ne zai tsara gwajin. Ja'afarun da Sambo ya koya wa jera fayil! Don kawai ya yi kwas na wata shida, yanzu Farfesa shugaban kwamiti har kafaɗarsa yake dafawa. Sambo ya koma amsa gaisuwarsa da hanci.

Ranar Alhamis za a yanke wanda za a ba kujerar. Tun Talata Sambo ya ɗauko sabon kati, ya shafa masa ruwan shayi, ya murza shi har ya tsufa. Ya ƙirƙiri wani Husaini, direba a Rigasa, mai gyambon ciki. Lamba kuwa, wata ce ta faɗo masa ba wahala. Ya duba rajistarsa, layinta babu kowa. Ya ce madalla.

A gaban kwamiti ya ajiye katin a nutse.

"Ranka ya daɗe, na'urar nan zubar da mutane take yi. Ga Husaini, da hannuna na buɗe masa kati a 1989. A nemo mana shi."

Ja'afaru ya buga sunan. Babu. Sambo ya gyara zaman hula, ya dubi kujerar da ke kusa da Farfesa.

Farfesa ya ce a gwada lambar. Ja'afaru ya buga, ya sosa ƙeya.

"Baba Sambo, lambar tana nan. Cikin waɗanda aka ware wa ɗakin haihuwa take, su rajistarsu daban ce."

"To, me ta nuna?" in ji Farfesa.

"Ranka ya daɗe, direban nan ya haifi 'ya mace lafiya, sunansa Sa'adiya, mijinsa kuma Malam Sambo na ɗakin kati."