Darasin Iyo a Garin da Ba Kogi

Tun da na'ura mai ƙwaƙwalwa ta karɓi aikin zaɓa wa 'yan babbar sakandare darussa, Tabawa ba ta taka makarantar ba sai yau. Ta dire takardar 'yarta a teburin shugaban makaranta.

"Malam Sallau, duba min nan. Rumasa'u likita take son zama. An cire mata kimiyya, an ba ta iyo da tuƙin kwale-kwale! A garin nan da muke sayen ruwa a jarka?"

"Hajiya, ba ni na zaɓa ba. Abin da gari zai buƙata nan da shekara uku na'urar take dubawa."

"To ta ba 'ya'yan wasu mana!"

"Duk ajin haka aka ba su. Har noma an soke bana."

"A ina za su koyi iyon? A randa?"

Ya miƙo mata biro ta sa hannu, bai yarda sun haɗa ido ba. Ta ture biron, ta ja tsaki, ta fice tana rantsuwar sai ta kai ƙara.

Don haushi ta yanke ta bayan ofis. Nan ta ci karo da wani abu dogo, an lulluɓe shi da tamfol. Iska ta ɗaga gefensa: sabon kwale-kwale ne, ko fenti bai bushe ba, ga sunan Malam Sallau a jikinsa.

Maganar shekara ukun nan ta faɗo mata a rai: ashe shi har ya shirya wa ruwa. Sannan ta koma ofis.

"Malam, ina biron?"