Gawayin Kaka

Ranar da kawuna direba ya kawo mana littafin ƙarshe na Mai Hular Ƙwarya daga Sakkwato, ina tsakar gidanmu a Kebbe ina karanta wa Kaka, don ita ba ta yi boko ba. Jarumin zanen barkwanci ne mai tashi sama da ƙwarya a ka. A shafin ƙarshe ya cire ƙwaryar ya mayar wa uwarsa, aka rubuta "Ƙarshe" a ƙasa.

Na jefar da littafin, na fashe da kuka.

Kaka ta ce, "Mutuwa ya yi?"

Na ce a'a.

"To mai zanen ne ya gaji, ɗiyata. Wanga jarumi bai gaji ba."

Ta ciro gawayi daga murhu, da sauran ɗuminsa, ta danƙa mini, ta nuna bangon rumbu. "Maida mai hularsa. Ni ban gama saurare ba."

Na zana shi, ƙafafunsa a karkace. Ta gyara zama ta ce, "Sai aka yi ƙaƙa?"

Yau shekaruna arba'in, Kaka ta rasu, ni kuwa ban daina ba ta amsa ba.