Ɗan Alhaji Bashari Zai Tuƙa Jirgi

Ranar da Alhaji Ya'u na Kabo ya ratsa kasuwar Gwarzo a sabuwar lorinsa, ɗansa na riƙe da sitiyari, Alhaji Bashari bai iya cin abincin rana ba. Su biyun ejan gyaɗa ne, masu saya wa kamfani, kuma tun suna samari ba wanda ke yarda ɗan'uwansa ya fi shi ko da tsawon hula.

"Nasa a ƙasa yake tuƙi," in ji shi ga matarsa Hajjo. "Ɗanmu Ɗalha a sama zai yi."

Washegari ya dira filin jirgin sama na Kano. Wani akawu ya zaunar da shi ya yi masa bayani: kuɗin makaranta daban, hayar jirgin da za a yi jarrabawa a cikinsa daban, man da zai sha daban, ga kuma ladan mai jarrabawa. In yaro ya faɗi, a sake biya tun daga farko. Shi kansa mai jarrabawar sai ya yi shekara da shekaru yana tuƙi kafin a amince masa, shi ya sa ba ya araha. Alhaji ya auna, ya ga ribar bana da ta baɗi ba za su kai ba. Ya dawo gida yana faɗa wa mutane wai wuri ne ya cika.

Ana haka aka yi rasuwa a Lakwaya. A wajen zaman makoki Alhaji ya ga wani baƙo, baƙi wuluk, mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa duk kanta. Aka ce surukin gidan ne, Malam Sajo, daga can yamma mai nisa yake, kuma shi hukumar En'e ta can ta ɗora wa jarraba matuƙan jirgi kafin a ba su izini.

Alhaji ya matsa har gwiwarsu ta haɗu. Bayan doguwar gaisuwa ya tambaye shi yadda aka yi ya kai wannan matsayi.

"Tun ina saurayi nake tuƙi, Alhaji, ban taɓa zubar da fasinja ko ɗaya ba."

Alhaji ya gyara zama. Ya tambayi ladan jarrabawa. Da ya ji, sai da ya sa aka maimaita masa, don bai kai kuɗin tunkiya ba. Nan take ya gane na Kano cuta ce tsagwaronta. Amma kuma ya tuna in labari ya isa Kabo cewa da araha aka jarraba ɗansa, an gama da shi. Ya ce sa guda zai bayar. Malam Sajo ya ƙi, Alhaji ya rantse, aka jawo san ta tsakiyar kasuwa da rana tsaka.

Jarrabawar farko a kududdufin Madadi aka yi ta. Malam Sajo ya ce wa Ɗalha ya tuɓe ya yi iyo. Ɗalha, ƙato mai gemu da mata da 'ya, ya nutse kamar dutsen niƙa, da ƙyar aka tsamo shi.

"Ni fa ban gane haɗin jirgi da kududdufi ba," in ji Hajjo.

Alhaji ya ce, "Ke da ba ki je Makka ba. Ta kan Bahar Maliya ake bi."

Aka sake, aka sake ba da sa. Da Ɗalha ya iya iyo sai aka ɗora katako a kan ganga, aka ce ya tsaya a kai Malam Sajo na girgiza shi. Aka koya masa duban hadari da sanin inda iska ta fito, da yadda ake jera buhuna kada gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya. Garken Alhaji na Mainika yana raguwa, muryarsa a kasuwa tana ƙaruwa. Maroƙa har sun fara yi masa kirari da uban direban sama.

Daga nan Malam Sajo ya ce saura jarrabawa a cikin jirgi na gaske, sai Ɗalha ya bi shi. Suka tafi bayan kaka. Damina na ƙaratowa wani falke ya iso da saƙo: Ɗalha ya ci, har ya fara ɗaukar fasinja.

Alhaji ya yanka san da ya rage. Ya ɗauki hayar lori, da gangan ta Alhaji Ya'u, ya cika ta da makaɗa da 'yan'uwa, ya zaunar da mai motar kusa da shi a gaba don ya gani da idonsa. Falken ya nuna hanya. Suka wuce Malumfashi, suka wuce Funtuwa, suka yi ta nausawa yamma.

"Na ɗauka a Kano jirage ke sauka," in ji Alhaji Ya'u.

"Gwamnati tasha ɗaya gare ta?"

Da suka isa ƙasar Yawuri, falken ya tsai da su a bakin wata gangara ya ce ga tashar nan, yanzu jirgin Ɗalha zai iso. Makaɗa suka saki kiɗa. Alhaji ya gyara babbar riga, ya kare ido da tafin hannu, ya ɗaga kai sama yana lalube cikin gajimare har wuyansa ya ƙage.

Alhaji Ya'u ya dafa kafaɗarsa a hankali.

"Alhaji, sauko da idonka. Ga shi can ya taho."

Ɗalha ne tsaye a bayan wani dogon kwale-kwale shaƙe da mata da jakuna, yana kafa gora cikin kogin Kwara, Malam Sajo, Sarkin Jirgin wannan mashigi, na zaune a gaba yana jinjina masa.