Hujjar da Vagi Ya Haɗiye

"Ka yi mata alkawarin aure ko ba ka yi ba?" alƙalin ƙauye ya sake tambaya.

Vagi bai ɗago kai ba. Geua, wadda ta kawo ƙararsa, na gefe rungume da jaririnta, yayyenta maza sun tare hanyar bakin teku suna taunar goron buai. Sau biyu Vagi ya taɓa rage mata hanya a kwalekwalensa zuwa kasuwar kifi, ko hannunta bai riƙe ba. Amma ta rantse shi ne uban jaririn, kuma ba shi da shaida.

"In ka amsa, 'yan sanda za su wuce da kai birnin Mosbi," in ji alƙali. "In kana da hujja, kawo ta yanzu."

Ƙaninsa Lohia ya zungure shi. "Yaya, kai ka ce min magana ɗaya za ta wanke ka. Faɗe ta mana! Maganar gidan yari fa ake!"

Vagi ya waiwaya. Matarsa Boio na zaune kan tabarma da 'ya'yansu uku, 'yar autar tana ɗaga masa hannu.

"Ɗana ne," ya ce. "Na yaudare ta."

Wuri ya kaure da ihu. Ɗan sanda na jan sa, Boio ta biyo su da kuka. "Sharri kake wa kanka! Don me?"

Ya sunkuyo daidai kunnenta. "Tun kafin in aure ki likita ya ce ba zan taɓa haihuwa ba. Koma wajen yaran, kada su ji."