Kabewar Malamin Gona

"Ku matsa baya, kada ku taka min yaɗo!"

Tsohon malamin gona ya tara maƙwabta a lambunsa na bayan gida, yana shafa ƙatuwar kabewa kamar jaririya. Wata huɗu ke nan yana fama. Ya jiƙa iri, ya auna ramuka da igiya, ga ban ruwa safe da yamma.

"Noma ilimi ne," ya ce, yana hararar maƙwabciyarsa tela. "Ba watsa shara a bayan katanga ba, kamar wasu."

Tela ta yi murmushi. "Baba, nuna mana gindinta, mu ma mu koya."

Ya kama yaɗon yana bi, yana ɗaga ganye da taƙama. Yaɗo ya wuce ramukansa, ya wuce randa, ya kutsa ta magudanar katanga. Malam ya leƙa, sai ga gindin kabewa daram a tsakiyar bolar tela.

Matarsa ta ce, "Naka ai tun washegari kaji suka tone. Ban ga fuskar faɗa maka ba."

Tela ta zaro wuƙa. "Sannu da reno, Baba."