Lallen Asibiti

Tun da lallen asibiti ya shigo gari, masu amosanin gaɓɓai suka kasa ɓoye ciwo. In jini lafiya, lallen ya yi ja. In kumburi ya taso, ya rikiɗe baƙi.

Da hantsi na je ƙunsa wa Gwaggo Tasalla. Da hannuna na kwaɓa, don in ga yadda yake juyawa.

"Ya jiki, Gwaggo?"

"Da sauƙi. Ko sai lallenku ya yarda?"

Da muka kwance ƙunshin, ya yi jawur. Na rangaɗa guɗa.

Ita ko murmushi ba ta yi ba. Yatsuna take kallo, waɗanda nake cin abinci da ɗinkinsu. Sun yi baƙi ƙirin.

"Uwani," ta ce a hankali, "ya jiki?"