Hodar Kifin da Mudassiru Ya Tallata

Mudassiru ɗan Sarkawa ne daga wani ƙauye a bakin Kwara, cikin ƙasar Bagudo. Ya gama difloma shekara uku ba aiki. Abin da yake da shi waya ce da baki mai daɗi, kuma kusan duk guruf ɗin Watsaf na masunta da 'yan kasuwar yankin yana ciki.

Wani abokin karatunsa, Sadisu, ya gayyace shi taron masu tallan intanet a wani otal a Birnin Kebbi. Aka yi musayar lambobi, aka ɗauki hotuna, aka buɗe sabon guruf. A nan aka bayyana masa tsarin. Kamfani zai ba ka lamba ta kanka, duk wanda ya sayi kaya da lambar nan kana da kamasho. 'Yan guruf kuma su riƙa yaba kayan juna, kowa ya rubuta cewa ya gwada ya ga amfani.

Kayan da ya faɗo wa Mudassiru wata hoda ce mai suna Garkuwar Kifi, wai tana hana ƙwari cin bandar kifi.

"Ka taɓa ganin ta da idonka?" ya tambayi Sadisu.

"Mi za ka yi da ganin ta? Kai talla aikinka. Ka dai sa sunan wanda mutane sunka sani, shi ke sa a yarda."

Sunan da mutane suka sani shi ne na mahaifiyarsa, Hajjo. Shekara talatin tana banda tana kaiwa kasuwar Tsamiya, inda matan Benin ke tsallako iyaka su jira kwandunanta. Mudassiru ya ɗauki saƙon murya ya ce, "Wallahi da ita Innata Hajjo ke aiki, shi ya sa kifinta ba ya tsutsa." 'Yan guruf suka biyo baya da yabo. Cikin sati biyu hoda ta fara sauka a tashar Bagudo.

Hajjo ba ta da babbar waya. Maƙwabciyarta Kubura ce ta kunna mata saƙon a bakin murhun banda, tana yi mata ƙorafin ta ɓoye musu sirri. Hajjo ta saurara har ƙarshe.

Wata Laraba da hantsi, kwana biyu bayan ta kai kifi Tsamiya, ta yi miya da gutsattsarin da suka rage a gindin kwando. Ita kaɗai ta ci, domin Mudassiru ya tafi Bahindi. Kafin azahar ta fara amai da gumi, hannuwanta na rawa. Aka ɗauke ta a babur zuwa asibiti a Bagudo.

Ko da Mudassiru ya iso ba ta gane mutane. Likita ya tambayi abin da ta ci. Kubura, wadda ta rako ta, ta kwance bakin zanenta ta fito da ragowar fakitin hodar. Likitan ya shinshina ya kawar da kai, ya ce wannan maganin feshin gona ne aka sauya wa leda.

Mudassiru ya dubi fakitin. Ranar ce ya fara riƙe shi a hannunsa.

"Ina tas samu wanga abu?" ya tambaya.

Kubura ta ce, "Wurina ta ɗiba. Cewa ta yi, tunda ka rantse gaban jama'a da ita take aiki, ba ta barin ɗanta shi zan maƙaryaci. Kwando huɗu ta barbaɗa ma."

"Ina sauran kifin?"

"Matan Benin sun kwashe tun ran kasuwa."

Hajjo ta cika bayan la'asar.

Mudassiru bai yi kuka ba. Ya fita ƙarƙashin bishiyar dalbejiya ya kira Sadisu. Sadisu ya ce, "Allah shi jiƙan ta. Ni ma ban taɓa ganin hodar ba. Kada dai ka kira sunana." Kafin magariba an cire Mudassiru daga guruf ɗin masu tallan. Lambar wayar kamfanin kuma ba ta shiga.

A zaman makoki mutane na zuwa suna miƙa masa hannu, yana karɓa yana cewa amin. Wasu ba sa kallon fuskarsa. Rana ta biyu wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Saƙo ne na na'ura, yana taya shi murna, wani ya sake saye da lambarsa. Ya karanta ya mayar da ita aljihu.

Bayan addu'ar uku ya ɗauki sabon saƙo. Ya faɗi cewa ƙarya ya yi, hodar guba ce, ita ta kashe mahaifiyarsa, kowa ya binne tasa. Ya tura shi duk inda yake da shiga. Mai gari ya sa aka yi shela. Duk da haka tsohon saƙon ya riga ya yi nisa, har Kamba an ji shi a wayar wani direba.

Ya je Tsamiya ran kasuwa ya tsaya inda Hajjo ke ajiye kwandunanta, yana tambayar matan Benin wa ya sayi kifin, wa ya ci. Wata ta ce an rarraba shi ƙauyuka. Ba wadda ta san inda ya ƙare. Har yau shi ma bai sani ba.

Mai karatu, kada ka tallata abin da ba ka gani ba, ba ka san abin da ke cikinsa ba, don kamasho. Kada kuma ka ari sunan wani ka yi shaidar ƙarya, domin waɗanda suka fi yarda da kai su ne za su fara cutuwa.